Ƙaramin Injin Fanka Marar Burushi da Ƙyanƙyasar Ƙwai

Gabatarwa

Da zarar damina ta kankama a ƙasar Funtuwa da Malumfashi, zabi kan shiga saka ƙwai ba ƙaƙƙautawa. Al'adar manoma ita ce a tara ƙwan a sa wa kaza ta kwanta a kai, sai dai abin da kaza guda za ta iya rufewa bai taka kara ya karya ba. Wannan ne ya sa ɗalibai da matasa masu sha'awar ƙere-ƙere ke harhaɗa akwatin ƙyanƙyasa da tsohuwar kula ko katako, da ƙwan fitila, da batir, da kuma 'yar fankar da aka ciro daga matacciyar kwamfuta. Wannan fanka ita ce mafi araha a cikin kayan, amma idan ta tsaya dare ɗaya, ana iya asarar ƙwan gaba ɗaya.

Yadda injin yake aiki

Injin lantarki irin na da, kamar na kayan wasan yara, yana da naɗin waya, wato koyil, wanda ke juyawa a tsakiya. Wasu 'yan guntayen gawayi da ake kira burushi su ke gogar sandar suna miƙa masa wuta. Gugar nan tana haddasa tartsatsi, kuma a kwana a tashi burushin kan cinye.

A shekarar 1962 wasu injiniyoyi biyu na Amurka, T. G. Wilson da P. H. Trickey, suka bayyana wani tsari da ya kawar da burushi. A nan koyil ne ke zaune wuri ɗaya, maganaɗisu ke juyawa. Wata 'yar na'ura mai jin motsin maganaɗisu, wadda aka gina a kan abin da Edwin Hall ya gano a 1879, ita ke sanar da allon lantarkin da ke cikin fankar inda maganaɗisun ya kai, shi kuma allon ya riƙa kunna koyil ɗaya bayan ɗaya. A kasuwa ana rubuta wa irin wannan inji BLDC. Tunda babu burushin da zai cinye, abin da ya rage yana guga shi ne mazaunin sandar, wato bushin ko boris, kuma a nan ne mafi yawan lalacewarsa ke farawa.

Abin da ɗan tayi yake bukata

Ƙwai abu ne mai rai. Ɓawonsa na ɗauke da dubban ƙananan ƙofofi waɗanda ta cikinsu ɗan tayi ke samun iskar oksijin, yana fitar da gurɓatacciya. Ƙwan kaza na ɗaukar kwana 21, na zabuwa kuwa kwana 26 zuwa 28. A akwati mai fanka ana son zafi ya tsaya a wajen digiri 37.5 na ma'aunin Selshiyos, laima kuma kashi 50 zuwa 55 cikin ɗari, a ƙara ta zuwa kashi 65 ko 70 a kwanaki uku na ƙarshe.

Iska mai zafi sama take tashi. Idan babu mai gauraya ta, ƙwan da ke kusa da fitila ya yi zafi fiye da kima, na lungu kuma ya yi sanyi. Na farko kan mutu ko ya fito da nakasa, na biyu kan makara ko ya kasa fasa ɓawo. Aikin fanka ke nan: ta raba zafin daidai, ta kuma sabunta iskar.

Haɗa wuta

Yawancin fankokin kwamfuta na aiki da bolt 12. Jar waya ke zuwa kan batir mai alamar tarawa, baƙa kuma kan mai alamar ɗebewa. Ta uku, mai ruwan ɗorawa, saurin juyi kawai take ƙirgawa, ana iya barin ta. Injin mai burushi idan an juya masa wayoyi sai ya juya da baya. Wannan kuwa ba zai motsa ba, wani lokaci ma allonsa ya ƙone.

Kada a haɗa fankar kai tsaye da farantin sola. Farantin da aka rubuta wa bolt 12 yakan ba da kusan 20 da tsakar rana. Sai a bi ta batir da na'urar daidaita caji.

Ga lissafi mai sauƙi. Fankar da ke jan amfiya 0.2 a bolt 12 tana cin wat 2.4. Ƙaramin batir mai alamar 7Ah zai riƙe ta awa 35 a takarda, amma da yake bai kamata a zuƙe batirin dalma fiye da rabi ba, sai a ƙirga awa 17. Fitilar ɗumamawa ta fi ta ci ninkin-ba-ninkin, don haka a yi lissafinta daban.

Injinan jirage marasa matuƙi masu wayoyi uku ba su da allo a ciki. Sai an haɗa su da nasu allon sarrafawa. Idan aka ɗora su kan batir kai tsaye koyil ne zai ƙone.

Kulawa

Ƙurar hunturu, da gashin auduga a lokacin kaka, da gashin 'yan tsaki ranar ƙyanƙyasa, su ne manyan abokan gabar wannan inji.

1. Bayan kowace ƙyanƙyasa a cire wuta, a share fikafikan da busasshen burushin haƙori. Idan za a hura iska mai ƙarfi, a riƙe fikafikan da yatsa kada su yi ta juyawa.
2. Idan fanka ta soma gurnani, a ɗaga takardar da ke bayanta, a cire 'yar robar, a ɗiga ɗigo ɗaya na man keken ɗinki. Man gyaɗa da manja sukan daskare su zama danƙo.
3. Fankar da za a kwantar a jikin murfi gara ta zama mai boris, domin bushin yakan rasa mansa da wuri a kwance cikin zafi.
4. A nisanta ta daga kwanon ruwa, a kuma rufe ta da ragar waya saboda 'yan tsaki.
5. A tanadi fanka ta biyu a ajiye.

Gwaji

Kafin a sa ƙwai, ɗalibi ya ajiye ma'aunin zafi ɗaya a ƙarƙashin fitila, ɗaya a lungu mafi nisa. Ya kunna akwatin awa biyu babu fanka ya rubuta abin da ya gani, sannan ya maimaita da fanka. Idan har da fanka bambancin ya wuce rabin digiri, sai a sauya mata wuri a sake aunawa. A bar akwatin ya yi kwana biyu cur yana aiki lafiya kafin a amince masa da ƙwan da aka saya da kuɗin masara.