Ka haɗa a laftof, Raspberry Pi ya ƙi karɓa

'Yan uwa ɗalibai, musamman 'yan ND II da HND II da firojet ya sa a gaba, ga wani abu da nake gani yana cinye wa mutane makonni a banza.

Furosesa ba ta jin C. Lambobin umarninta kawai take ganewa, kuma kowane dangi da yarensa. Laftof mai Intel ko AMD x86-64 yake ji, Raspberry Pi da yawancin wayoyin Android ARM, Arduino Uno kuwa AVR. Aikin kwamfaila shi ne ya juya abin da ka rubuta zuwa ɗaya daga cikin yarukan nan, kuma gcc na yau da kullum yaren injin da yake zaune a kai yake fitarwa. Shi ya sa in ka haɗa manhaja a laftof ka kwafa ta zuwa Pi, sai ka ga "Exec format error". Wallahi ba katin ne ya lalace ba, kar ka sayi sabo.

Abin da kake buƙata kwamfaila ne mai zama a laftof amma yana fitar da yaren wani injin. In ka taɓa tura manhaja daga Arduino IDE, ai ka riga ka yi haka, avr-gcc ne ke aikin a ɓoye. Dole ce ma: RAM ɗin ATmega328P kilobait 2 ne kacal, ina kwamfaila zai zauna?

Na Pi kuwa, fara tambayarsa da dpkg --print-architecture. In ya ce arm64, saka gcc-aarch64-linux-gnu a Ubuntu ɗin laftof, ka haɗa da aarch64-linux-gnu-gcc. Ni kafin in kwafa sai na duba fayil ɗin da umarnin file, na ga ya rubuta aarch64. Duk laburaren da manhajar ke kira, shi ma na ARM za ka nemo.

Inda na fi so ku kula shi ne kuskuren da ba ya ihu. A laftof int bit 32 ne, a Uno 16, iyakarsa 32,767. Ka zuba millis() a cikin int, kafin daƙiƙa 33 lissafin ya juye zuwa ƙasa da sifili, ga malamai zaune ana difens. Rubuta uint32_t, faɗinsa ɗaya a kowane inji, kuma ka bar firojet ɗin ya yi ko awa ɗaya yana aiki a kan allon kansa kafin ranar.