Harshen Damo a Bayanin Kayan Aiki: Nazarin Manhajar Canza Kalmar Sirri

Ɗaliban Hausa sun saba da auna waƙa da zube da wasan kwaikwayo. Amma akwai wani ɗan rubutu wanda sau da yawa bai wuce layi uku ba, kuma tuntuɓe a cikinsa yana iya raba mutum da asusunsa. Shi ne bayanin da maƙerin manhaja yake rubuta wa ɗan aike na ƙirƙirarriyar basira, watau manhajar da ake ba ta saƙo ta je ta aiwatar a madadin mutum. Wannan maƙala za ta auna irin wannan bayani ta hanyar ɗaukar kayan aiki guda, na canza kalmar sirri.

A watan Nuwamba na 2024 kamfanin Anthropic ya fito da wani tsari mai suna MCP, wanda da shi ake haɗa waɗannan 'yan aike da kayan aiki. A tsarin, kowane kayan aiki yana zuwa da suna, da bayani, da jerin guraben da za a cika. Ɗan aiken ba ya ganin cikin kayan; abin da aka rubuta masa shi ne idonsa. Hausawa sun ce zuwa da kai ya fi saƙo. To, a nan babu zuwa da kai, saƙon ne kaɗai, saboda haka lalle ne ya fita sarai.

Alal misali, a ce wata makaranta a Daura ta ɗora wa ɗan aike hidimar ɗalibanta, aka rubuta bayanin kayan aikin kamar haka: "Yana canza kalmar sirrinsa." Jimlar ba ta karya nahawu ba, amma harshen damo gare ta har biyu. Na farko yana ga ɗafin mallaka "-nsa". Sirrin wa? Na ɗalibin da ya yi aiken, ko na duk wanda aka ambaci lambarsa? In aka bar wannan a buɗe, ɗalibi yana iya aika manhajar ta rufe wa abokin hamayyarsa ƙofa ana gobe rufe rajista.

Na biyu, wanda ya fi haɗari, yana ga aikatau "canza". Ayyuka biyu ne mabambanta suke fakewa a ƙarƙashinsa: na wanda ya san tsohuwar kalma yana son sabuwa, da na wanda ya ce ya manta. Mutumin Daura ba ya bukatar dogon sharhi a nan. Tarihin baka ya nuna cewa da gari ya waye aka ga an kashe macijiyar rijiyar Kusugu, mutane da dama sun zo gaban Sarauniya Daurama kowa yana cewa shi ne. Ba a tsaya jayayya ba, aka ce a kawo kan. Baƙon da ya sauka a gidan tsohuwa Ayana, watau Bayajida, shi kaɗai ya fito da shi. Tsohuwar kalmar sirri ita ce kan macijiyar. Bayani nagari dole ne ya faɗa a fili ko ana neman ta, in kuwa ba a nema, ya faɗi shaidar da ta maye gurbinta, kamar lambar da ake aikawa ta wayar mai asusu. Bayanin da ya yi shiru a nan ya faɗi, ko da sauran sassansa sun yi kyau.

Sa'an nan sai abin da ke biyo bayan aikin. A gyaran da aka yi wa MCP a watan Maris na 2025 an ƙara alamomi da ke nuna ko kayan aiki karatu kawai yake yi, ko yana rushe abin da ya tarar, da kuma ko maimaita shi yana kawo wani sabon sakamako. Wannan na ƙarshe ya shafi wanda yake Baure ko Zango ko Mai'aduwa a lokacin da layi ya yanke ana tsakiyar aiki. Kalma ta riga ta canzu, amsa ba ta iso ba, ɗan aiken ya sake gwadawa da tsohuwar, ya sake, har a kulle asusun. Layi ɗaya da zai ce "in amsa ba ta zo ba, kada a maimaita, a fara tabbatarwa" ya isa ya hana wannan. Sai dai tsarin da kansa ya gargaɗi cewa alamomin nuni ne kawai, ba a dogara da su in ba a amince da maƙerin ba.

Sharuɗɗan sabuwar kalma ba su da wuyar rubutawa. Hukumar NIST ta Amurka ta sa haruffa 8 a matsayin mafi ƙaranci a 2017, a 2025 kuma ta kai su 15 in kalmar ce kaɗai maƙulli. Kowace makaranta ko banki na da nata ƙa'ida, a rubuta ta kawai.

Abin da maƙeran waje ba safai suke tunawa ba shi ne haruffa masu lanƙwasa. Bahaushe yana iya zaɓen kalma mai ƙ ko ɗ ko ɓ, kuma dabara ce mai kyau, domin ɓarawon da ke gwada kalmomin Turanci ba zai yi saurin cin karo da ita ba. Amma kayan aikin yana karɓar su yadda suke, ko yana ƙin su, ko yana mayar da ɗ ta koma d a ɓoye? Ɗan aiken da ba a gaya masa ba zai koma ya ce an gama. Mai asusu kuwa sai ranar da ya je shagon kwamfuta a Daura zai buga takardar jarrabawa, ya tarar allon rubutun ba shi da ɗ, ga layi a bayansa.