Yadda Ake Gane Karya Ta Ɗauki Ciki

Mafarauci a Wurno, Rabah ko Goronyo ba ya son shiga daji da karya mai ciki, domin gudun bin zomo cikin zafin rani yana galabaitar da ita. Sai dai cikin karya gajere ne, galibi kwana 63, kuma kafin ido ya gan shi rabin lokacin ya wuce.

Don haka aikin farko lissafi ne. A riƙe ranar da aka ga ta sarƙe da kare, ko da da ranakun kasuwa za a riƙa ƙirgawa: mako tara ke nan. Makonni uku na farko kusan ba a ganin komai, kada mai ita ya wahalar da kansa.

Daga mako na uku zuwa na huɗu sai a sa ido a kan cin abincinta. Karyar da ke lashe kwanon tuwo tas za ta sansana ta kau da kai, wata har ta yi amai, ta koma inuwa ta kwanta. Idan ta kishingiɗa a dubi kan nonuwanta. Za su ƙara girma, su yi ja-ja, su fito fili daga cikin gashi. Wannan ya fi bayyana ga wadda ba ta taɓa haihuwa ba. Wajen kwana 30 akan ga ɗan ruwa mai yauƙi, marar wari, yana fitowa daga gabanta.

Bayan kwana 40 ne ciki ke turowa, cin abinci ya dawo har ya zarce na da. A nan mutane suka fi yin kuskure, domin kumburin ciki kaɗai ba shaida ba ce. Tsutsar ciki na kumbura shi. Wata karyar kuma hantsarta ta cika, nono ya zubo, ta yi ta tattara tsumma, alhali babu ko kwikwiyo ɗaya. Mafi haɗari shi ne mahaifa ta tara mugunya: idan ga kumburi, ga yawan shan ruwa, ga ruwa mai ɗoyi, a garzaya da ita wurin likitan dabbobi. Asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato yana duba irin wannan. Likita kan iya gane ciki da hannu wajen kwana 28 zuwa 35, amma wanda bai iya ba kada ya matsa, zai iya yi wa 'ya'yan illa.

A makonni biyu na ƙarshe, in ka ɗora tafin hannu a gefen cikinta tana kwance, za ka ji motsi. Ranar da ta ƙi abinci, tana haki, tana tonon rami a gindin rumbu, haihuwa ta matso. A shimfiɗa mata buhu a wuri mai inuwa, a ajiye ruwa kusa, a hana yara zuwa wurin.