In ciwo ya yi tsanani, wa ke da ta cewa?

Mu duka mun san wannan. Mace tana naƙuda tun daren jiya, har rana ta yi tsaka ba ta sauka ba. Ungozoma ta ce a tafi likita. Uwar miji ta ce a dakata a ji daga bakin maigida. Maigida kuwa yana ci-rani a Libiya ko Abijan, wayarsa ba ta shiga.

Ba mu ce a raina izinin maigida ba. Amma ciwo bai san jira ba. Naƙudar da ta wuce awa 12 alamar haɗari ce: in kan jariri ya daɗe yana danne da mafitsara, naman wurin yakan mutu, daga nan yoyon fitsari ke samuwa. Zubar jini bayan haihuwa ya fi wannan gaugawa, domin yana iya kashe mace cikin awa 2.

Saboda haka shawarar tun kafin tafiya ake yanke ta. Maigida ya tara iyalinsa, ya nuna wakilinsa, wa ko ƙane ko mahaifiya, ya faɗa a gaban shaidu: "In aka ce likita, ku tafi, kada ku jira ni." Ya bar ƴan kuɗin mota, a kuma san amalanken wa za a ɗauka in dare ne.

A likita ma akwai wata shawarar. Lokotoro na iya cewa sai an yi fiɗa, ko sai an ƙara jini. Nan ne dangi kan ja da baya, kowa na duban ƙasa. Tun 2005 gwamnati ta ɗauke kuɗin fiɗar haihuwa a likitocinta, a 2006 kuma ta ɗauke na yara ƴan ƙasa da shekara 5, ko da yake wani lokaci akan rubuta mana magani mu saya a waje. Jinin da ake ɗiba bai kai rabin lita ba, alhali jikin babba na ɗauke da wajen lita 5, kuma yana mayar da abin da aka ɗiba.

Wakili ya tambayi lokotoro: mene ne ciwon? In ba a yi aikin ba, me zai faru? In marar lafiya tana cikin hayyacinta, a tambaye ta ita ma, domin jikinta ne. Sau da yawa mukan manta da wannan, mu tsaya muna shawara a bakin ƙofa tana jinmu.