Yadda Ake Shirin Rage Tsayin Tsohuwar Akori-kura a Gure

Duk wanda ya tsaya a tashar Gure ranar kasuwa ya ga tsofaffin Peugeot 404 da 504 da Toyota Hilux, bayansu a ɗage sama kamar raƙumi zai miƙe. Masu su na baya ne suka yi ta ƙara ganyen sifirin domin lodin kanwa da gero da awaki. Kai kuma da ka sayi irin wannan mota domin zirga-zirgar gari da kwaltar RN1, za ka so ta sauko: hawa ya yi sauƙi, lodi ya yi sauƙi, ta daina tangaɗi a kwana. Sai dai aikin na awo ne kafin ya zama na sufana.

Mataki na 1: Tambayi hanyarka

Rubuta inda motar take zuwa a wata. Idan tsakanin Gure da Gidimuni da Damagaram ne, ragin santimita 4 zuwa 5 ya isa. Idan kana shiga rairayin Kelle ko Tasker, bar ta yadda take. A can tayoyin manyan motoci sun haƙa layi biyu, tudun yashi na tsakiya kuma shi ke kama cikin gajeriyar mota ya zaunar da ita.

Mataki na 2: Auna, ka rubuta

Ajiye motar a daɓe mai daidai, iskar tayoyi ta cika, tanki da mai. Auna daga tsakiyar kowace ƙafa zuwa leɓen bodin da ke samanta. Sannan ka kwanta ka auna daga ƙasa zuwa kaskon baƙin mai, da salansa, da tulun aksul na baya. Maimaita awon da lodin da ka saba ɗauka. Idan gefe ɗaya ya fi ɗaya sauka, akwai ganyen da ya gaji ko ya tsage. A fara gyara wannan.

Mataki na 3: Gane irin ƙafafun motarka

Akori-kurar 504, irin wadda kamfanin PAN na Kaduna ya daɗe yana haɗawa, tana da sifirin mai murɗi a gaba, mai ganye a baya. Hilux kuwa ta sha bamban daga zubi zuwa zubi: wata tana da sandar ƙarfe mai murɗuwa a gaba, wadda ake sassauta notinta motar ta sauko kaɗan. A baya, duba ko aksul yana kan ganye ko ƙarƙashinsa. In yana kai, saka wani ƙarfe tsakaninsu zai sauke motar. In yana ƙarƙashi, ɗaga ta zai yi.

Mataki na 4: Fara da abin da za a iya mayarwa

Ƙirga ganyen kowane gefe tare da makanike, ku ware na kamfani da na ƙari. Sau da yawa cire na ƙarin kaɗai ya biya buƙata. Cire adadi ɗaya hagu da dama, ka shafa musu giris ka adana. Ka sani fa, kowane ganye da ya fita ya tafi da wani kaso na lodin da motar ke ɗauka.

Kada ka yarda a gasa sifirin da wutar walda don ya lanƙwashe. Wuta na kashe ƙarfin ƙarfen, wata rana ya karye a tsakiyar hanya. Sauri ya haifi nawa.

Mataki na 5: Lissafa abin da zai biyo baya

Mota in ta sauko, shokozoba na iya yi mata tsawo, sai a nemi mai daidai. Dole a bar tazara tsakanin aksul da robar da ke tare shi, kamar faɗin tafin hannu, in ba haka ba kowane rami sai ka ji shi a ƙugu. A duba farfela kada ta soma kakkarwa, da tiyon burki kada ya gogi wani ƙarfe. Motar da ke da na'urar daidaita burkin baya da nauyin kaya, sai an sake saita ta. Sa kuɗin sababbin ƙusoshin ɗaurin ganye a lissafi, domin tsofaffin sun riga sun miƙe.

Mataki na 6: Gwaji

A ƙarasa ɗaure notin robobi bayan an sauke motar daga jak, nauyinta na kan tayoyinta. A daidaita ƙafafun gaba da fitilu. Zaga gari a hankali, ka murɗa sitiyari har ƙarshe ta kowane gefe, kana sauraron gugar taya. Bayan tafiyar farko zuwa Damagaram, koma gareji a sake matse ƙusoshin, a sake awo.

Takardar awon farko kuwa, ajiye ta tare da ganyen da ka cire. Ranar da hanyarka ta koma ta rairayi, ko motar ta koma hannun mai lodin kanwa, da su za a mayar mata da tsayinta.