Yadda Ake Gano Matsalar Wuta a Agogon da Aka Haɗa da Hannu

Agogon da mutum ya haɗa da kansa yakan yi aiki lafiya lau muddin yana kan tebur yana shan wuta daga kwamfuta. Ranar da aka ba shi cajarsa aka rataye a bango, sai lambobi su dushe, ko ya ɗauke ya dawo, ko ya tsaya cak. Ɗaliban kwalejin fasaha, masu yin wannan aiki a shekarar ƙarshe, nan take sukan koma kan manhaja su yi ta gyare-gyare. A ganina wahalar banza ce. Da mita ake farawa.

Juya ta zuwa DC, baƙar waya a negatif, jar kuma a ƙafa ta 7 ta ATmega328P, ƙwaƙwalwar agogon, ba a bakin caja ba. Bolt 5 kake nema, agogon kuma yana kunne. In caja ta ba da 5 amma ƙafar ta nuna 4.3, wutar a hanya ta zube: siririyar waya, ko dalmar da ba ta kama ba. Mai amfani da 7805, mai daidaita wuta, ya duba abin da ke shiga ta, don sai da bolt 7 take fitar da 5 cikakke. In kuwa 12 ka ba ta, rarar zafi take komawa, dole a ɗaura mata ƙarfen sanyaya.

Wannan duk mai sauƙi ne. Inda gwani ke fita shi ne ranar da mita ta ce 5 daidai, agogon kuma bai fasa ɗaukewa ba. Mita ba ƙarya ta yi ba, nawa gare ta: sau biyu ko uku take karantawa a daƙiƙa, faɗuwar wutar kuwa ta zo ta wuce tun kafin ta ankara. A nan sai ka ajiye ta ka zuba wa agogon ido. Ƙarfe nawa yake mutuwa? Lamba 1 sanda biyu kawai take kunnawa, 8 kuwa duka bakwai. Agogon da ya wuce 11:11 lafiya, ya zo ya shiririce a 08:08, ko daidai lokacin da ƙararrawa ta buga, ya riga ya faɗa maka ciwonsa. Allon lambobin ne ke fizgar wuta, ƙwaƙwalwar ta rasa rabonta. A saitin Arduino Uno, sai wuta ta faɗi ƙasa da bolt 2.7 ƙwaƙwalwar take sake tashi daga farko, alhali a gudun 16 MHz tana son kusan 3.8. Tsakanin biyun nan ne takan daskare ba tare da ta sake tashi ba.

Maganin ɗan mitsitsi ne, tsofaffin masu gyaran rediyo sun san shi tun kafin a haifi Arduino a Italiya a 2005. Kafasita mai 100 nF tsakanin ƙafa ta 7 da ta 8, wata tsakanin ta 20 da ta 22. A datse ƙafafunsu, a manna su jikin ƙwaƙwalwar, don kamar randa ce a bakin murhu, kusancinta ne amfaninta. Sai babba mai 470 µF kusa da allon, a kuma ja wa allon wayoyinsa daban tun daga tushen wutar. Akwai daɗi ƙwarai ka ga abin da ya hana ka barci ya miƙe da 'yan ɗigon dalma.

Saura mai riƙe lokaci. DS1307 kan daina amsawa in wuta ta yi ƙasa da kimanin bolt 3.75, sai ka ga 165 a gurbin awa da minti a kwamfuta. DS3231 ta fi haƙuri, amma wasu allunanta masu araha suna cajin batir, CR2032 kuwa ba na caji ba ne, kumbura yake yi. Cire dayod ɗin da ke kan layin cajin.

Kafin ka rufe akwatin, sa allon ya riƙa walƙawa da 88:88 a mafi haskensa, ka bar shi ya kwana a haka. In na masallaci ne ma ka ƙara masa kwana, don jama'a da shi za su tsai da sallah.