Yadda Ake Duba Littafin Bayanin Manhaja a Kwamfuta Kafin a Sake Shi

Duk manhajar kirki tana tafe da littafin bayani mai koya wa mutum yadda zai girka ta, ya sarrafa ta. Da yawa daga irin waɗannan littattafai ana rubuta su ne da Markdown, salon rubutun da John Gruber ya fito da shi a 2004. Sai dai abin da ke cikin fayil daban, shafin da mai karatu zai gani daban. Jadawali kan karkace, hoto ya ƙi fitowa, mahaɗi ya kai mutum kufai. Shi ya sa gwanaye ke fara duba aikin a kwamfutarsu.

MkDocs, wanda aka gina da Python, yana cikin kayan aikin mayar da Markdown shafi da suka fi sauƙin sha'ani. Marubuci zai sauko da kundin aikin da `git clone`, sannan ya keɓe masa ɗakinsa da `python -m venv .venv`, ya kunna shi. Sabon hannu yakan yi gaggawar tsallake wannan mataki, kuma bai kamata ba, domin in babu ɗakin, kayan wannan aiki sai su cakuɗe da na wani, gyara ya zama ɓarna.

Sai girkawa. Idan kundin yana da fayil ɗin `requirements.txt`, a bi shi da `pip install -r requirements.txt`, don a nan ake jera adon shafi irin su Material. In babu, a fara da `pip install mkdocs`.

Daga nan mutum ya tsaya inda `mkdocs.yml` yake, ya rubuta `mkdocs serve`, ya buɗe 127.0.0.1:8000 a Firefox ko Chrome. Wannan adireshin kwamfutarsa ce da kanta, ba mai gani sai shi. Da ya gyara jimla ya adana, shafin zai sabunta kansa nan take. Ga mai lissafin kuɗin data, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne: bayan girkawa, rubutun yana fitowa ko babu intanet.

Mai fassara zuwa Hausa ya adana fayilolinsa da tsarin UTF-8, ya kuma sa ido a kan ƙ da ɗ da ɓ, musamman a kanun shafi.

Kafin a miƙa gyaran, a gwada `mkdocs build --strict`. Idan wani mahaɗi yana nuni da fayil ɗin da babu shi, umarnin zai tsaya ya faɗi sunan fayil ɗin.